Takardar bindigata da ƙofofin da ba ta shiga

Sana'ata ita ce sayen wake da aya. Ina bin kasuwannin ƙauye, daga Gabi zuwa Ɗan Isa, daga Cadawa zuwa Gazawa, in tara kaya a sito a nan Maraɗi ta Nijar, in sayar wa masu lodi zuwa Katsina da Kano ko masu hawa arewa. Manomi ba ya cin alkawari, kuɗi yake so a tafin hannu, don haka duk mai irin sana'armu yana yawo da kuɗin da bai kamata mutum ɗaya ya ɗauka a jikinsa ba. A da, iyakar fargabarmu ɗan sane ne a tasha. Daga wajajen 2018 abin ya sauya. Ƴan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato suka fara tsallako iyaka, ana kore shanu, ana ɗauke mutane don kuɗin fansa a ƙasar Madarunfa da Gidan Rumji, dajin Babban Rafi ya zama sunan da ake faɗa ƙasa-ƙasa. Zuwa watan Satumba na 2019 ƴan gudun hijira sama da 40,000 ne suka shigo jiharmu daga Najeriya, kuma duk wanda ya bi ta Cadakori ko Garin Kaka ya gan su da idonsa. Da aka ɗauke wani abokin cinikina yana dawowa daga kasuwa, sai da danginsa suka sayar da gona kafin ya sake kwana a ɗakinsa, na ce to, gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Na yanke shawarar neman bindiga ta hanyar hukuma.

Na ce ta hanyar hukuma saboda ɗaya hanyar kowa ya san da ita. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 makamai suka bazu a yankin Sahel, kuma mai kuɗi a hannu ba ya rasa mai yi masa jagora. Har wani ya same ni a bakin sito yana cewa me zai sa in wahalar da kaina da takardu. Amma ni mutum ne da aka san gidansa. Sunana na kan buhunana, jandarmomin hanyar Ɗan Isa sun san motata, kuma dokar ƙasar nan ba ta wasa da wannan batu. Tsarin tsoho ne, tun 1963 zamanin Diori Hamani aka aza shi, kuma ginshiƙinsa ɗaya ne: farar hula ba shi da ikon shigo da bindiga, ko sayenta, ko ajiye ta, ko yawo da ita, sai wanda hukuma ta ba izini da sunansa. Wanda aka kama ba izini, ɗauri ne da tara, makamin kuma a ƙwace. Akwai ma hukuma sukutum, CNCCAI, da aka kafa tun 1994 don tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Manyanmu na tuna ranar 25 ga Satumba 2000, da aka tara bindigogi sama da 1,000 a Agadas aka cinna musu wuta bayan tawayen arewa ya lafa. Ƙasar da ta ƙona bindigogi a bainar jama'a ba za ta miƙa maka ɗaya don kawai ka ce tsoro kake ji ba.

Da komisariya, ofishin ƴan sanda, na fara. Wani jami'i ya zayyano mini abin da zan haɗa: wasiƙar neman izini rubutun hannu, da tambur a kanta, zuwa ga ministan cikin gida, takardar haihuwa, nasiyonalite wato takardar zama ɗan ƙasa, shaidar mazauni, takardar likita, hotuna, sai kaziye, takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci. Ni na ƙara da rasiɗan harajin kasuwancina, don a ga cewa maganar yawo da kuɗi ba daga baki kawai ta fito ba. Kaziye daga kotun garin da aka haifi mutum ake ciro shi. Ni haifaffen Tasawa ne, kusan kilomita 120 daga nan, kuma wata uku ne kawai ransa, in ya wuce haka sai an sake wani. Mai niyya ya bar shi ya zama na ƙarshe, bayan sauran takardu sun kammala. Wurin likita ba a daɗe ba. Ya duba ido da hawan jini, ya tambaye ni barci, ya tambaye ni ko ina shan ƙwayoyin nan na ƙarin ƙarfi da suka lalata mana samari, ya sa hannu.

Faransancina na ciniki ne, bai kai na rubuta wa minista ba, sai na je wurin wani dattijo mai rubuta wa mutane wasiƙa a kusa da kotu. Ya gyara gilashinsa ya ce, “Alhaji, mi za mu ce musu?” Na shiga ba shi labarin abokina, da gonar da aka sayar, da yadda aka dawo da shi ƙafafu a kumbure. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ajiye biro. “Wanga duk gaskiya ne, Alhaji. Amma mai karanta takardar ga a Yamai, in ya ji fushi cikinta, gefe zai tura ta. Faɗa mini sana'arka, da hanyoyin da kake bi, da abin da kake ɗauka.” Wasiƙar da ya rubuta ko rabin shafi ba ta cika ba.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne binciken hali. Ba a sanar da mutum ranar da za a fara shi. Ni daga bakin mai unguwa na ji, bayan sallar magariba ya ja ni gefe ya ce wani ya zo cikin kayan gida yana tambaya a kaina. Kashegari liman ya faɗa mini haka, sai mai shayin da ke kan kwanarmu, sai maƙwabcina na sito. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Yana da saurin hannu? Ana jin hayaniya daga gidansa da dare? Yana da rigimar gona ko ta gado da wani? Yana shaye-shaye? Su wa ke kwana a zaurensa? Yaran da ke yi masa lodi daga ina suke? Ban ji daɗi ba da farko, domin Maraɗi gari ne da magana ba ta kwana. Kafin sati ya zagayo, a babbar kasuwa har ana tsokanata da “Alhaji kumandan”. Bindigar da ake cewa a ɓoye ake riƙe ta, unguwa gaba ɗaya ta san da zuwanta tun ba a sayo ta ba.

Hajiya ma ta nan ta ji, ba daga bakina ba, kuma sai da muka zauna. Ta ce, “Alhaji, gidan nan da yara, da jikoki masu shiga kowane ɗaki. In dai za ta shigo, to, ba ƙarƙashin matashi ba.” Sharaɗinta akwatin ƙarfe mai makulli, a kafe shi a bango, makullin kuma kada ya rabu da jikina. Maƙerin da ke yi mini ƙofofin sito shi ya haɗa shi, tun takardar ba ta fito ba.

Bayan an gama da unguwa aka kira ni ofis. Jami'in ba ya ɗaga murya, rubutu yake yi yana tambaya. Can ya ɗago kai ya ce, “Alhaji, in mutum goma suka tare ka a daji da manyan bindigogi, me ƴar ƙaramar bindiga za ta yi maka?” Na ce, “Shef, ba abin da za ta yi mini, ko taɓa ta ba zan yi ba. Ina neman ta ne don mutum biyu a kan babur, masu biyo ɗan kasuwa daga kasuwa har ƙofar sito.” Ya rubuta. Ya tambayi inda zan ajiye ta, da wanda ke da makullin ɗakina, da shekarun babban ɗana. A ganina wannan binciken shi ne abu mafi kyau a tsarin gaba ɗaya, duk da ya tona ni a unguwa. Bindigar da ke cikin gida ta fi kusa da mutanen gidan fiye da ɓarawo, kuma ba wanda ya san zafin ran mutum kamar mai shayin da yake gani kullum.

Daga nan dosiye, wato tarin takarduna, ya bi ta hukumomin jiha ya tafi Yamai, sama da kilomita 600 daga nan. Damina ta shiga ta fita, aka yi kaka. Da izini ya dawo na sayi bindigar a wurin dillalin da hukuma ta amince da shi, aka rubuta lambar da ke jikinta, harsashin ma da adadinsa a rubuce. Takardar tana ɗauke da sunana da hotona da irin bindigar da lambarta. Mutum ɗaya, bindiga ɗaya. Akwai kuma harajin da ake biya duk shekara.

Ranar da aka miƙa mini takardar, jami'in bai sake ta nan da nan ba. Yana riƙe da gefe ɗaya ya ce, “Alhaji, takardar ga ta ba ka gidanka da sitonka da hanya. Ba ta ba ka ƙofar gwamnati ba.” Ya shiga lissafi da yatsu: barikin soja, jandarmari, komisariya, kotu, gidan kaso, ofishin gwamna, filin jirgin sama, rumfar zaɓe, duk wani taron da manya za su halarta. “In kana shakkar wuri, bar ta gida. In kuma aka tsayar da kai a shinge, kai za ka fara faɗa, tun hannun yaro bai taɓa ta ba.” A lokacin na ɗauki maganar nasiha ce irin wadda ake yi wa kowa. Sai daga baya na ga cewa rabin zirga-zirgar ɗan kasuwa a waɗannan ƙofofin take ƙarewa: yau duwan wato kwastan, gobe ma'aikatar haraji, jibi kotu kan bashin wani, gata ofishin magajin gari.

Mu nan batun ɓoye makami da bayyana shi ma tufafinmu sun gama yanke hukunci a kansa. Babbar riga da ƴar ciki da wando mai faɗi, me ba za su rufe ba? Duk wanda ya rataya ƙaramar bindiga a Maraɗi a ɓoye take, ko ya so ko bai so ba, sai in zai fita da singileti. Wanda ke tsaron ƙofa ba ya iya bambance alhajin da ke ɗauke da tasbaha da wanda ke ɗauke da ƙarfe ta hanyar kallo. Shi ya sa sai an tambaya, sai an shafa, sai an zagaya jikinka da na'urar nan mai ƙara, kuma shi ya sa dattawan da ke jin an ci musu mutunci in yaro ya laluba su ba su ba ni tausayi sosai.

Inda na fi fahimtar abin shi ne bariki. Maraɗi ce cibiyar yankin tsaro na 6, kuma tun da aka ƙaddamar da farmakin Farautar Bushiya a kan ƴan bindigar kan iyaka sojoji suka ƙaru, soja kuwa sai ya ci. Wani babban ɗan kwangila ya ba ni wani kaso na kai wake da gero. Kafin ranar kai kayan farko na kulle bindigar a gida na tafi hannu rabbana, don in ji ƙa'ida daga bakin masu ita. Tun daga nesa ake rage gudu. Buhunan yashi, sandar ƙarfe a gicciye, wani yaro da madubi mai dogon hannu yana duba ƙarƙashin mota, wani yana buɗe but. Ka ba da katin ɗan ƙasa, a rubuta sunanka da lambar mota da wanda ka zo gani, a gargaɗe ka kan ɗaukar hoto da waya. Yaron da ya karɓi katina ya ce, “Baba, akwai makami a jikinka ko a mota?” Na ce babu yau, amma ina da mai takarda, kuma a kanta nake son ganin shugaban masu gadi.

Sajan ne, mai furfura kaɗan a gemu. Na yi masa tambaya uku, ya ba ni amsa uku, kuma babu wadda ta yi mini daɗi. Na ce, Shef, in na zo da ita, zan iya ba ku ajiya a nan ƙofa in karɓa in na fito? Ya ce, “A'a, Alhaji. Makaman da ke hannunmu kowanne da lambarsa a littafi da sunan wanda ya sa hannu. Taka ba ta cikin littafinmu. In ta ɓace, ko ta tashi a hannun yaro, wa zai amsa?” Na ce to in kulle ta a cikin mota fa? Ya nuna sandar ƙarfen. “Motarka in ta wuce nan, cikin bariki take, da duk abin da ke cikinta.” Na ce to in bar motar a waje, direbana ya zauna da ita? Ya yi murmushi. “Sunan direbanka ne a takardar?”

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ƙullin da na kasa kwancewa. Izinin nawa ne ni kaɗai. Da zarar na juya baya na bar ta a hannun direba, na mai da bawan Allah mai riƙe da makami ba izini, a ƙofar bariki kuwa, wurin da ya fi ko'ina muni a kama mutum da irin wannan laifi. In kuma na kulle ta a motar da ba kowa, na bar ta ga duk yaron da ya iya fasa gilashi, kuma lambar da ke jikinta sunana take kira duk inda ta je ta yi ɓarna. Riƙon bindiga mai takarda kamar goyon jariri ne: ba ko'ina ake shiga da shi ba, ba a ba kowa riƙo, ba a kuma barin shi shi kaɗai.

Ban yi musu da sajan ba, domin na san abin da ke cikin kansa. Ranar 23 ga Mayu 2013 mota maƙare da bam ta kutsa barikin Agadas, a rana ɗaya da harin ma'adinan Somaïr a Arlit. Ranar 1 ga Yuni na shekarar aka yi harbe-harbe a gidan kason Yamai da makaman da suka riga suka shiga ciki, fursunoni suka tsere. A Inatas, 10 ga Disamba 2019, sojoji 71 aka kashe. A Shinagodar, 9 ga Janairu 2020, 89. Yaron da ke riƙe da madubi wataƙila yana da abokin horo a cikinsu. Takardata tana shaida cewa an bincike ni a wata shekara an same ni lafiya, amma ba ta shaida abin da na kwana da shi jiya, ko wanda ya riƙe ɗana a daji ya ce in shigo masa da wani abu. In aka buɗe ƙofa ga mai takarda, sai masu mugun nufi su koma neman takarda, ko neman mai ita.

Don haka na raba kwanakina biyu, ranar daji da ranar ofis. Ranar daji ina fita da ita tun asuba, takardar na cikin aljihun gaba. In na iso shingen jandarma ko na ƴan garde, hannuwana biyu na kan sitiyari, in dare ne in kunna fitilar cikin mota, kuma kafin gaisuwa ta yi nisa nake cewa, “Shef, ina ɗauke da makami, da takardarsa.” Ba na kai hannu aljihu sai an ce in kai. Wasu su duba lamba su gwada da ta takarda, wasu da suka saba da ni su ɗaga hannu. Ranar ofis kuwa tana cikin akwatinta, ni ma hankalina a kwance.

Matsalar ita ce kasuwa ba ta san wannan rabo ba. Kana kan hanyar dawowa daga ƙauye, ƙura har gira, sai waya ta shigo: Alhaji, takardar biyanka ta fito, zo ka sa hannu yanzu kafin mai sa hannu ya tashi. Ofishin yana kan hanyarka, ga shi kana hangen tutarsa, amma dole ka wuce shi, ka ratsa cunkoson adaidaita da kabu-kabu har gida, ka buɗe akwati, ka kulle, ka juyo. Wata Juma'a haka ta faru da ni, ga shi ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya ake tashi daga aiki. Na iso an rufe, kuɗina suka kwana har Litinin, manoman da na yi wa alkawarin Asabar kuma sai haƙuri na ba su. Akwai kuma wuraren da mutum ba ya zaton na hukuma ne sai ya iso: makarantar ƙauye da sojoji suka yada zango a cikinta, ko sito da aka mai da wurin ajiyar kayan gwamnati aka sa masu kaki a bakinsa. In na hango kaki a ƙofa, ba na tsayawa tantance ko wurin na cikin lissafin da aka yi mini. Juyawa nake yi.

Iyaka ma ƙofa ce. Takardata ta Nijar ce, a Ɗan Isa ƙarfinta ke ƙarewa. In zan shiga Jibiya ko Katsina, hanyar da ta fi ba ni tsoro a duk hanyoyina, haka nake tafiya ba komai, domin a can ni baƙo ne da ya tsallako da makami, kuma ba mai karanta Faransancin da ke kan takardata ya ce in wuce.

A bakin kotu na ga abin da ya ba ni dariya ya kuma sa ni tunani. Ranar da ake shari'ar makiyaya da manoma, sai ka ga sanduna da takubba da wuƙaƙen damtse an jingine su a gefen ƙofa, mai gadi na zaune kusa da su, in an fito kowa ya ɗauki nasa, ba a taɓa jin an yi musaya ba. Mutanenmu sun san ladabin ajiye makami a ƙofar mai mulki tun kafin zuwan Nasara. Ba a shiga gaban Sarkin Katsinan Maraɗi ko Sarkin Gobir na Tsibiri da takobi a kafaɗa sai in kai dogari ne. Sai dai takobi ana iya jingine shi a bango. Bindiga ba ta jinginuwa.

Ƙanena da ke tuƙin babbar mota a Amurka, da na ba shi labarin sajan ta WhatsApp, dariya ya yi. Ya ce, “Yaya, ai ko nan haka ne.” Na yi mamaki, domin ƙasar da muke ji tsarin mulkinta tun 1791 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, kuma a jihohi da yawa mutum na yawo da ita a ƙugu ba mai ce masa uffan. Amma can ma dokar tarayya ta hana shiga ginin gwamnatin tarayya da bindiga, hukuncin na iya kai ɗaurin shekara ɗaya, in kotun tarayya ce shekara biyu, kuma izinin da jiha ta ba ka ba ya cetonka. Ƙa'idar gidan waya ta haɗa har da filin ajiye motoci, abin da ake ta kai ruwa rana a kansa a kotunansu. Sansanin soja kuwa sai da yardar kwamandan wurin. Su ma suna da nasu tabon. A Fort Hood, a watan Nuwamba na 2009, wani hafsan soja ya harbe mutum 13. A sansanin sojan ruwa na Washinton, a watan Satumba na 2013, mutum 12 aka kashe, kuma wanda ya yi kisan ɗan kwangila ne mai katin shiga na halal, ya shigo da bindigar a cikin jaka. Ɗan kwangila mai katin shiga, wato irina ke nan a idon mai gadi.

Ƙorafina bai shafi hanin ba. In da za a tambaye ni, cewa zan yi a tanadi wuri ɗaya a cikin gari, a hannun hukuma, mai littafi da rasiɗi, inda mai takarda zai ajiye makaminsa na ƴan sa'o'i ya shiga ofis ya fito. Mu ba mu da yawa, ɗaki ɗaya da akwatuna kaɗan sun isa. Rashin irin wannan wuri shi ke sa wasu yin abin da bai kamata ba, su tura ta ƙarƙashin kujerar mota su shiga da addu'a, kuma ranar da madubi ko hannun yaro ya same ta, takardar da suka sha wahalar nema ita za ta fara tafiya.

Abin da ya fi wannan damuna shi ne wanda tsarin ke iya kaiwa gare shi. Ni ina da takardar haihuwa, ina da mota, ina da kuɗin tambur da na zuwa Tasawa, kuma ina kwana a cikin gari inda sojoji ke sintiri. Akwai wani manomi da nake sayen wake a hannunsa a wani ƙauye kudu da Gabi, wanda an taɓa kore masa shanun huɗa, kuma da damina a gona yake wuni, daji na bayansa. Shi ya fi ni buƙata nesa ba kusa ba. Ba na goyon bayan kowa ya nemo tasa a ɓoye. Mun ga yadda aikin ƴan sa-kai ya rikiɗe a Zamfara, ramuwa ta haifi ramuwa, har aka rasa wanda ya fara. Amma in ana son mutum ya bi ƙofa, sai ƙofar ta kasance inda ƙafarsa za ta iya kaiwa.

Da ya ji na samu tawa ya ce, “Alhaji, ka taimake ni in bi hanyar da ka bi, ko ta farauta ce a ba ni.” Na ce, “Malam, kawo takardar haihuwarka mu fara.” Ba shi da ita, a gida aka haife shi, ba wanda ya kai sunansa ko'ina. Kafin a yi maganar nasiyonalite ko kaziye sai kotu ta ba shi takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, ita kuma sai da shaidu biyu da suka san lokacin da aka haife shi. Mun samu ɗaya, wani kawunsa. Na biyun ya bar ƙauyen tun da aka kai musu hari, an ce yana wajen Dakwaro wurin ƴarsa. In an gama sussukar gero zan ba da mota a je a ɗauko shi.